Havana Brown: Tarihin Kyanwa Mai Ruwan Makuba da Korayen Idanu

Havana Brown wani irin kyanwa ne da aka samar a Ingila a farkon shekarun 1950, aka ƙarasa rainonsa a Amurka, kuma har yau yana cikin irin kyanwoyin da suka fi ƙaranci a duniya. Launinta ɗaya ne tun daga hanci har ƙarshen wutsiya: ruwan ƙasa mai duhu da ya ɗan karkata zuwa ja, wato ruwan makuba. Idanunta kore shar ne, gashin bakinta ma ruwan ƙasa ne. Masu kiwonta sun daɗe suna ƙiyasin cewa duk duniya ba su kai dubu ɗaya ba. Wannan ƙaranci ba daga rauni ko wata cuta ya samo asali ba. Dokokin ƙungiyoyin masu kiwo ne suka kori launin daga fagen gasa tun farko, wasu mata masu kiwo suka dawo da shi bayan shekaru, dokokin ne kuma suka tsuke masa hanya har ya kusa ɓacewa.

Daga Siyam zuwa Landan

Kyanwa mai ruwan ƙasa tsantsa daɗaɗɗiya ce a ƙasar Siyam, wadda aka sauya wa suna zuwa Tailan a 1939. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu na ƙasar da ake kira Tamra Maew, masu ɗauke da zane da bayanin kyanwoyin da mutanen Siyam ke ganin suna kawo alheri a gida da waɗanda ake gudu. A cikin na alherin akwai wadda suke kira Suphalak, ko Thong Daeng, mai launin jan ƙarfe. Wannan ya nuna launin ya daɗe a yankin, amma bai nuna cewa Havana Brown ta yau jikar Suphalak ce kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai teku, akwai shekaru, akwai kuma hannun masu kiwo na Ingila.

A ƙarni na 19 ne Turawan Ingila suka mayar da kiwon kyanwa abin gasa. An yi babban baje kolin kyanwoyi na farko a dandalin Crystal Palace da ke Landan a watan Yulin 1871, kuma wani mai zane, Harrison Weir, shi ya shirya shi, ya kuma rubuta ma'aunin da alƙalai suka yi hukunci da shi. Daga nan aka shiga rubuta salsalar kyanwa, uwa da uba da kakanni, kamar yadda ake yi wa dawakin sukuwa. A 1884 wani jami'in ofishin jakadancin Birtaniya a Bankok ya kawo wa 'yar'uwarsa, Lilian Gould, kyanwoyin Siyam guda biyu, Pho da Mia, aka nuna su a Crystal Palace a shekarar da ta biyo. Kyanwar Siyam da aka sani ita ce mai farin jiki, mai duhu a fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya, mai shuɗayen idanu. Amma a cikin waɗanda jiragen ruwa suka riƙa kawowa daga gabas akwai masu ruwan ƙasa gaba ɗaya, idanunsu kore ko rawaya. An nuna wasu a gasa kafin ƙarshen ƙarnin, har a wani lokaci aka laƙaba musu sunan kyanwar tsaunukan Suwizalan, alhali babu abin da ya haɗa su da wannan ƙasa.

An kafa Ƙungiyar Masu Kyanwar Siyam ta Birtaniya a 1901, sai hukumar rajistar kyanwoyi ta ƙasar, GCCF, ta biyo baya a 1910. Tsakanin shekarun 1920 zuwa 1930 ƙungiyar ta fitar da matsayinta cewa ba za ta ƙarfafa kiwon kowace kyanwar Siyam ba sai mai shuɗayen idanu. Hukuncin gajere ne, amma ya yi aiki. Kyanwar da ba za a shigar gasa ba, babu mai sayen 'ya'yanta da daraja, babu kuma mai ɓata kuɗinsa wajen adana irinta. Masu ruwan ƙasa suka yi ta janyewa daga idon jama'a. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya ƙarasa abin da ya rage, domin a lokacin da ake raba wa mutane nama da kati, kiwon kyanwar ado ya zama abin da ƙalilan ne ke iyawa. Rabon nama da kati bai ƙare a Birtaniya ba sai 1954.

Matan da suka dawo da launin

A farkon shekarun 1950 wasu mata masu kiwo suka haɗa kai domin su samar da kyanwa mai siffar 'yan gabas, mai launin cakulan tsantsa. Fitattu a cikinsu su ne Baroness Miranda von Ullmann, mai gidan kiwo na Roofspringer, da Anne Hargreaves ta Laurentide, da Misis Fisher ta Praha, da Isobel Munro-Smith ta Elmtower. A al'adar masu kiwon kyanwa, kowane gida yana da sunan da ya yi wa rajista, kuma shi ake fara sa wa duk ɗan da aka haifa a gidan. Shi ya sa sunayen kyanwoyin farko ke ɗauke da waɗannan kalmomi.

Abin da ya bambanta waɗannan mata da na gabaninsu shi ne sun yi aiki da ilimin gado. Launin baƙi a jikin kyanwa yana da rinjaye, launin cakulan kuwa ɓoyayye ne. Idan ɗa ya gaji ƙwayar baƙi daga uwa, ya gaji ta cakulan daga uba, baƙi zai fito, cakulan ɗin ya kwanta a jininsa ba a gani. Sai ya gaji ƙwayar cakulan daga ɓangarorin biyu sannan launin ya bayyana. Haka tsarin launin kyanwar Siyam yake, shi ma ɓoyayye ne. Wata ƙwayar gado ce ke hana launi fita sai a sassan jikin da suka fi sanyi, shi ya sa duhun ke taruwa a kunne da hanci da ƙafa da wutsiya. A lokacin akwai kyanwoyin Siyam masu alamomin cakulan a waɗannan sassa, GCCF ta amince da su a 1950. Aikin da ke gaban matan shi ne su ɗauko cakulan ɗin daga kyanwar Siyam, su rabu da ƙwayar da ke tsare shi a gefe, domin ya game jiki duka.

Lissafin ba mai sauƙi ba ne ga mai gaggawa. Idan aka yi barbarar kyanwar Siyam mai alamar cakulan da baƙar kyanwar gida, duk 'ya'yan farko baƙaƙe za su fito. Idan aka sake haɗa waɗannan baƙaƙen da juna, a cikin kowane 'ya'ya 16 ana sa ran 9 baƙaƙe, 3 masu alamar Siyam mai duhu, 1 mai alamar Siyam ta cakulan, sai 3 kacal masu cakulan tsantsa. Kyanwa kuwa ciki na kwana 63 zuwa 65 take yi, ta haifi huɗu ko biyar. Mai kiwo na iya jiran haihuwa biyu ko uku ba ta ga abin da take nema ba, ga kuma baƙaƙen 'ya'ya da dole ta nema musu gidajen zama. An kuma shigar da jinin kyanwar Rasha mai ruwan toka a wasu layukan, kuma wannan jini zai sake ɗagowa daga baya.

Ɗan da aka fara yi wa rajista a matsayin sabon irin shi ne wani muzuru, Elmtower Bronze Idol, wanda aka haifa a gidan Munro-Smith a 1952. Uwarsa, Elmtower Susannah, baƙa ce mai jinin Siyam. Ubansa, Elmtower Tombee, ɗan Siyam ne mai alama mai duhu. Babu ɗayansu da ke da launin cakulan a fili, dukansu biyu ɗauke suke da shi a ɓoye. A irin wannan haɗi, damar samun cakulan tsantsa ɗaya ce cikin takwas. A shekarar da ta biyo aka sami ƙarin muzurai masu launin, daga nan iri ya kafu.

Suna, da rabuwar hanya

Akwai bayani biyu game da sunan. Wasu na cewa daga launin naɗaɗɗiyar tabar birnin Havana na ƙasar Kuba aka ɗauko shi, wasu na cewa daga wani irin zomo ne mai ruwan ƙasa da ake kira Havana, wanda masu kiwon Turai suka sani tun kafin kyanwar. Ko ta wace hanya, kyanwar ba ta da asali da Kuba. GCCF, da ta amince da irin a 1958, ta ƙi sunan, ta kira shi Chestnut Brown Foreign. Sai a 1970 ta koma wa sunan Havana.

Kafin nan an riga an tsallaka da irin Amurka. A tsakiyar shekarun 1950 wata mai kiwo a Kalifoniya, Elsie Quinn, ta shigo da mace mai suna Roofspringer Mahogany Quinn, aka yi barbararta da wani muzuru da shi ma aka kawo daga Ingila, Laurentide Brown Pilgrim of Norwood. Yawancin Havana Brown na Amurka daga waɗannan 'yan tsirarun baƙi suka fito. Ƙungiyar CFA, wadda aka kafa a 1906 kuma tana cikin manyan masu rajistar kyanwa a duniya, ta ba irin damar shiga gasar zakaru a 1964 da sunan Havana Brown.

A nan hanya ta rabu biyu. Masu kiwon Ingila sun ci gaba da mayar da kyanwar cikin jinin Siyam, suna neman dogon jiki siriri da fuska mai tsini. A hankali Havana ta Ingila ta zama kyanwar Siyam a siffa, launi kawai ya bambanta su, kuma a yau GCCF na lissafa ta a matsayin launi ɗaya daga launukan irin da ake kira Oriental. Amurkawa kuwa sun riƙe siffar kyanwoyin farko da aka kawo musu, masu matsakaicin jiki da wani irin baki na daban, suka rufe ƙofar barbara da wasu irin. Don haka Havana ta Ingila da Havana Brown ta Amurka kyanwoyi biyu ne mabambanta masu kakanni ɗaya. Daga baya wasu masu kiwon Birtaniya sun farfaɗo da tsohuwar siffar a ƙasarsu, kuma da yake sunan Havana ya riga ya zama na wata, GCCF ta yi mata rajista da sunan Suffolk.

Ana kuma yawan rikita ta da kyanwar Bama, wadda ita ma ruwan ƙasa ce, wadda irinta ya faro daga wata mace mai suna Wong Mau da Dakta Joseph Thompson ya kai San Faransisko a 1930. Kamar a ido ce kawai. Ruwan ƙasan kyanwar Bama baƙi ne da wata ƙwayar gado ta dusashe, na Havana Brown kuwa cakulan ne na asali. Idon ta Bama ruwan zinariya ne, kanta kuma zagayayye.

Abin da alƙali ke dubawa

Ma'aunin CFA ya raba maki 100 a kan sassan jiki, kuma kai ne ya kwashi kaso mafi tsoka, kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan na iya ba mutum mamaki ga kyanwar da launi ya yi wa suna, amma akwai dalili: launin cakulan yanzu ana samunsa a irin kyanwoyi da dama, wannan kai kuwa babu mai shi sai ita.

Idan aka dube shi daga sama, tsawonsa ya fi faɗinsa. Yana tsukewa zuwa gaba, sai a bayan wurin da gashin baki ke tsirowa ya lotsa ta gefe biyu, sannan bakin ya fito gaba, ƙarshensa a dunƙule. Masu kiwon Amurka na kwatanta shi da totuwar masara da aka dasa a fuska. A sauran kyanwoyi baki ci gaban fuska ne, a nan kuwa yana tsaye da kansa. Idan aka dube ta daga gefe, akwai wani gangare bayyananne a daidai idanu, inda goshi ke sauka kan hanci. Kyanwar Siyam ba ta da shi, layinta miƙaƙƙe ne. Haɓa cikakkiya ce, kuma ƙarshen hanci da ƙarshen haɓa suna kusan kan layi ɗaya a tsaye. Alƙali kan shafa fuskar da babban yatsa da manuni domin ya ji wannan lotsawa, saboda gashi na iya ɓoye ta ga ido.

Kunnuwa manya ne, ƙarshensu a zagaye, sun ɗan rusuno gaba, abin da ke sa a ga kamar kullum tana sauraro. Gashin kunnen kaɗan ne ciki da waje, kuma tsakanin ido da kunne akwai wurin da gashi ya yi shara-shara har ana hango fata. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙazuwa ce ko wani ciwon fata, alhali halittar irin ce, haka ma ƙarancin gashi a ƙasan leɓe. Idanu masu siffar ƙwai ne, matsakaita, kuma dole su kasance kore. Kowane irin kore karɓaɓɓe ne, amma wanda ya fi kore ya fi maki. 'Ya'yan kyanwa duka da shuɗin ido ake haihuwarsu, launin gaskiya yana zuwa ne a hankali, don haka mai kiwo kan yi watanni bai san ko ɗan da ke hannunsa zai shiga gasa ba.

Jiki matsakaici ne, ba siriri kamar na Siyam ba, ba dunƙulalle kamar na kyanwar Fasha ba. Yana da tsoka, kuma wanda ya ɗaga ta zai ji ta fi yadda ya zata nauyi. Muzuru kan kai kilo 3.5 zuwa 4.5, mace kilo 2.5 zuwa 3.5. Ƙafafu dogaye ne miƙaƙƙu, na baya sun ɗan fi na gaba tsawo, yatsu biyar a gaba, huɗu a baya. Wutsiya matsakaiciya ce mai tsukewa zuwa ƙarshe.

Gashi gajere ne ko matsakaici, kwance luf, mai sheƙi. Launin da ake so shi ne ruwan ƙasa mai ɗumi da ya karkata zuwa ja irin na katakon maɗaci, ba wanda ya karkata zuwa baƙi ba, kuma ya zama bai ɗaya har gindin gashi. Ƙananan 'ya'ya kan fito da zane-zane dishi-dishi a jiki. Ana yafe musu, domin yana gushewa da girma. Fatar hanci ruwan ƙasa ce mai ɗan ja-ja, tafin ƙafa ma ja-ja ne. Sai gashin baki, wanda dole ya zama ruwan ƙasa. An san Havana Brown da cewa ita ce irin da ma'auninta ya ambaci launin gashin baki ƙarara.

Akwai aibobin da ke fitar da kyanwa daga gasa gaba ɗaya: lanƙwasa a ƙashin wutsiya, farin tabo a wuya ko a ciki, yatsun da suka ƙaru ko suka gaza, idon da ba kore ba, da launin da bai dace ba a gashin baki ko hanci ko tafin ƙafa. Ƙungiyar TICA, wadda aka kafa a 1979, ta ɗan sassauta. Ta karɓi wani launi na biyu, toka-toka mai ɗan ja, wanda ke fitowa idan ƙwayar cakulan ta haɗu da ƙwayar da ke dusashe launi, irin wadda kyanwar Rasha ta shigo da ita tun farko. Saboda haka TICA ke kiran irin Havana kawai. CFA har yanzu ruwan ƙasa kaɗai ta sani.

Lokacin da iri ya kusa ƙarewa

Rufe ƙofar da Amurkawa suka yi ya tsare siffar, amma an biya shi da tsada. Irin da ya faro daga kyanwoyi 'yan kaɗan, aka kuma hana shi sabon jini na tsawon shekaru, dole 'ya'yansa su zama dangin juna na kusa. A ƙarshen shekarun 1990 gidajen kiwon Havana Brown da ke da rajista da CFA 12 ne kacal, kuma kyanwoyin da ba a yi wa fiɗiya ba, wato masu iya haihuwa, ba su kai 130 ba. Barbara tsakanin dangi na kusa tana rage yawan 'ya'ya, tana raunana garkuwar jiki, tana kuma fito da cututtukan gado da suka kwanta, ta hanyar nan da ta fito da launin cakulan ɗin kansa.

Masu kiwon suka nemi shawarar masana ilimin gado, suka kai kukansu ga CFA. A 1998 ƙungiyar ta amince a sake buɗe ƙofa. Aka halatta barbara da baƙar kyanwar gida ko mai ruwan toka, gajeren gashi, wadda ba ta da wata takardar asali, da wasu launukan Oriental, sannan da kyanwar Siyam mai alamar cakulan ko mai duhu. 'Ya'yan wannan haɗi ana mayar da su ga Havana Brown, jikokin da suka fito da launin da ya dace kuma a yi musu rajista a matsayin cikakkun 'yan iri. Wannan hukunci ya yi daidai, kuma da an yi shi shekaru goma kafin nan da ya fi. Ba wani sabon abu aka ƙirƙiro ba: baƙar kyanwar gida da kyanwar Siyam su ne dai iyayen da aka fara da su a Ingila. Wahalarsa ita ce siffar baki kan ɓace a 'ya'yan farko, sai an yi zuriya biyu ko uku kafin ta dawo, kuma mai kiwon da ya ɗauki wannan aiki yana sadaukar da kyaututtukan gasa na wasu shekaru. Adadin ya ɗan farfaɗo tun daga lokacin, amma irin bai fita daga sahun masu ƙaranci ba.

Halinta

Abin da masu ita suka fi ambata shi ne dagi. Yawancin kyanwoyi da hanci suke fara binciken abu, ita kuwa sai ta miƙa ƙafar gaba ta taɓa shi, ta juya shi, ta ɗan tura. Haka take yi wa mutum: idan tana son a kula ta, takan zo ta ɗora dagi a hannunsa ko a kafaɗarsa ta jira. Ta gaji wayo da son mutane daga kyanwar Siyam, amma ba ta gaji yawan kukan ba. Muryarta ƙasa-ƙasa ce. Takan bi mai gida daga ɗaki zuwa ɗaki, ta zauna kusa da duk abin da yake yi, sau da yawa kuma takan zaɓi mutum ɗaya a gidan ta fi shaƙuwa da shi. Tana da wasa daidai gwargwado, wasu har sukan ɗauko abin da aka jefa musu su dawo da shi.

Tana zama lafiya da yara da sauran dabbobin gida idan an saba mata da su tun tana ƙarama. Abin da ba ta jurewa shi ne kaɗaici. Gidan da kowa ke fita tun safe sai dare bai dace da ita ba, sai dai idan akwai wata kyanwar da za ta ɗebe mata kewa. Wannan ne ya kamata mai sha'awa ya fara aunawa kafin kyan launi.

Kulawa

Gyaran jikinta ba shi da wuya. Buroshin roba sau ɗaya a mako ya isa ya kwashe mataccen gashi, a bi da ƙyalle mai laushi domin sheƙi ya fito. Ba ta cika zubar da gashi ba, wanka kuma sai ta kama. Ana rage mata tsinin farce duk bayan mako biyu ko uku, a goge cikin kunne da auduga mai ɗan danshi, a tanadar mata itacen da za ta riƙa karta. Zama cikin rana mai ƙarfi yana ƙone launin ya koɗe, shi ya sa masu kai ta gasa ke tsare ta a inuwa. Kusan duk masu kiwonta a cikin gida suke ajiye ta, saboda mota da karnuka da cututtuka da ɓarayi. Akwatin yashin da take bayan gida a ciki kuwa kullum ake kwashe shi.

Kyanwa dabba ce mai rayuwa da nama. Akwai wani sinadari, taurin, da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, sai daga nama take samunsa, kuma rashinsa na jawo makanta da ciwon zuciya. Ragowar tuwo da shinkafa ba za su riƙe ta ba, abincin kare ma haka. Havana Brown tana da son ci, don haka awo ake yi mata, ba a bar kwano a cike ba. Madarar shanu na sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, cakulan guba ne gare su, haka furen lili, wanda ke kashe ƙoda. Mafi haɗari a gidajen mutane shi ne farasitamol: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin shi ma yana kashe kyanwa. Ba a ba ta wani magani sai da izinin likitan dabbobi.

Irin ba shi da wata babbar cutar gado da aka san shi da ita, amma abu biyu na bukatar sa ido. Na farko dasashi, wanda kan kumbura kamar yadda ake gani a dangin Siyam. Goge haƙori da man da aka yi don kyanwa da duban likita sau ɗaya a shekara suna rage shi. Na biyu tsakuwar mafitsara. Maganin rigakafinta shi ne yawan shan ruwa mai tsabta da abinci mai danshi. Muzurun da ke yawan tsugunawa yana yunƙuri fitsari bai fita ba yana cikin haɗari, a ranar ake kai shi asibiti, domin toshewar na iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku.

Allurar rigakafi tana farawa ne tun ɗa yana da mako 8 ko 9, a maimaita bayan mako uku ko huɗu. Tana kare shi daga mummunar cutar hanji ta kyanwoyi da mura iri biyu, sannan akwai ta ciwon haukan kare, wadda doka ta wajabta a wurare da yawa. Ana ba da maganin tsutsar ciki da na ƙuma a kan lokaci. Wanda ba za a yi kiwo da shi ba ana yi masa fiɗiya, mace kuma a cire mata mahaifa, galibi kafin wata shida.

Mai kiwon kirki ba ya raba ɗa da uwarsa kafin mako 12 ko 13, kuma yana miƙa shi ne tare da takardar salsala da katin rigakafi. Takardar ita ce shaida, domin ba kowace kyanwa mai ruwan ƙasa ce Havana Brown ba. Da yake gidajen kiwon kaɗan ne, yawancinsu a Amurka da wasu ƙasashen Turai, mai saye kan rubuta sunansa ya jira watanni kafin a haifi nasa. Idan ta sami kulawar da ta dace, Havana Brown kan rayu shekara 12 zuwa 15, wasu ma su wuce haka.